Naɗin Hannu

Ƙarfe shida na rufe shagon nama,
na wanke wuƙa, na kankare katako,
na gangara Spital Hill cikin yayyafi,
ruwan Sheffield da ba ya zuba, ba ya ɗaukewa.
A bayan tsohon gidan ƙera cokula,
can Rumasa'u take dukan buhu.
'Yata ce. Sha tara. Bahaguwa.

Ubana ma bahago ne.
Tanimu Gatarin Kaka, haka kalangu ke kiransa
daga Shinkafi har Talatar Mafara.
Ba wanda ya taɓa ɗora shi kan sikeli.
In gero ya shiga rumbu, an share masussuka,
sai ya ɗaura warki, ya naɗe hannu da zare,
mai ji da kansa ya fito, ko ya kai bijimi.
Turmi uku. Gwiwa ta taɓa ƙasa, an yi kisa,
a tashi a karkaɗe jiki, a dama fura.

Nan kuwa kafin naushi ɗaya
sai an cika takarda.
An auna ta da safe, an auna abin da ta ci,
ƙwai biyu, ban da gwaiduwa.
Agogon hannunta na ƙirga bugun zuciya
sai ka ce kuɗin ajiya.
Roba a baki, safa kamar matashin kai.
Mai horar da ita, Hargreaves mai karyayyen hanci,
yana nuna mata abokiyar karawa a waya,
ya mayar da naushi baya, ya saki, ya mayar.
Na ce: Mu sai a fage muke sanin mutum.
Ya ce kakansa ma haka yake cewa,
maƙerin da ke yin turmi ashirin don kuɗin gawayi.
Na ce: To ina irin mazan nan?
Ya nuna tudun maƙabarta ta taga.
Ya ce: Wasu ko furfura ba su jira ba.

Ya taka ni inda ke ciwo.

Ga abin da kalangu bai faɗa ba:
hannun da ya kwantar da maza saba'in
ya kasa kai ludayin koko baki.
Ni nake riƙe masa, ina ɗan sha biyu.
Ranar da makaɗinsa ya zo dubiya,
ya tsuguna a zaure ya saki takensa,
Baba ya juyo, idonsa fari fat,
ya ce da ni: Wa ake wa kiɗa?

Asabar waccan, a Barnsley,
turmi na biyu girarta ta fashe.
Jinin bai kai na yankan zabo ba.
Likita ya haska ido, ya ɗaga hannu, an tsaya.
Jinin rundawa ya taso mini, na miƙe zan yi tsawa,
sai na ga ludayin nan yana rawa.
Na zauna.
Har gida ba ta ce uffan ba,
sai ƙarar abin share gilashin mota.

Masu jiran tsoka a shagona ba sa gajiya:
mazan jiya ko 'yan yau?
An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.
Ni na tuna bara, kuma ban ji daɗinta duka ba.

Yau ta miƙo mini hagunta
da doguwar tsumma fara.
Ashe ƙarƙashin safa har yanzu akwai zare.
Na fara daga wuyan hannu, na zagaye babban yatsa,
na ja, kamar yadda na ga ana ja.
Hargreaves ya latsa, ya girgiza kai: ya yi tauri,
doka ba ta yarda ba.
Na kwance. Na sake, sako-sako,
ina kaɗa taken da harshe, ƙasa-ƙasa.

Ta tura robar gefen baki,
ta ce: Baba, wa ake wa kiɗa?

Ƙararrawa ta riga ni amsawa.